Aska da Lalle: Tarihin Zanen Ƙwauri a Karkarar Arewacin Kano

Duk wanda ya tashi bin tarihin zanen jiki a ƙasar Hausa, fuska ce ta ke fara tare shi. A fuska a ke karanta asalin mutum, a ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakatsine, na can kuwa Babarbare, kuma a kanta Turawan farko suka fi zuba tawadarsu. A. J. N. Tremearne, wani hafsan soja wanda ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa farkon zuwan Turawa, ya buga maƙala musamman a kan askar kabilu cikin 1911, kana ya ƙara da siffofin zane masu yawa a littafinsa na camfe-camfe da al'adun Hausawa wanda ya fito a 1913. Ƙafa ba ta sami wannan gata ba. Alhali kuwa ita ma tana da nata labarin, kuma ba hanya ɗaya ya bi da na fuska ba. Abin da wannan takarda ta ke nufin nunawa shi ne cewa manoman arewacin Kano, tun daga ƙarni na 19 har zuwa yau, sun raba zanen ƙafa gida biyu. Wanda aka yi don ado, an fi so ya zama mai gogewa. Wanda ya zauna a ƙwauri har mutum ya shiga kabari da shi kuwa, yawanci ciwo ne ya kawo shi, ko neman magani.

Ya kamata a fara da sanin ƙasar da a ke magana a kanta. Ita ce shimfiɗar gonakin nan da ta tashi daga bakin ganuwar birni ta yi arewa, ta Ungogo da Minjibir da Gezawa, ta bi Dawakin Tofa da Bici har Dambatta. Sashe ce ta yankin nan mai cunkoso da ke kewaye da Kano, wanda masana labarin ƙasa, Mortimore da Wilson, suka shata iyakarsa cikin binciken da suka buga a 1965, suka ce shi ne inda mutanen karkara suka haura 350 a murabba'in mil guda. Daji ya ƙare a nan tun da daɗewa, ba a kuwa cika barin saura ba. Gona ɗaya a kan nome ta kowace shekara, a riƙe ta da takin tumaki da awaki, da sharar birni wadda jakuna suka daɗe suna ɗaukowa a mangala. Gidaje da yawa a warwatse su ke cikin gonaki, 'yar turba ce ke haɗa su, da shinge dama da hagu. Mutumin irin wannan ƙasa da ƙafarsa ya ke ci, da ita ya ke bin kunya, da ita ya ke zuwa kasuwa, kuma ita ce ke fara gamuwa da ƙaya da kunama da ruwan kududdufi.

Harshen kansa ya ba da shaidar haka. Gaban ƙafa daga gwiwa zuwa idon sawu shi ne ƙwauri, wasu su ce sangali. Tsokar da ke bayansa kuwa sunanta sha-raɓa, watau an haɗa aikatau da suna an yi kalma guda, kamar yadda aka yi a dafa-duka da hana-salla. Ba wanda zai raɗa wa gaɓar jiki wannan suna sai mutumin da ya saba sammako da damina, yana ratsa turba tsakanin gero da dawa, ciyawa tana jiƙa masa ƙafa. Ƙwaurin ma ya ba da tasa gudummawar, gama daga gare shi aka sami fasa-ƙwauri, sana'ar masu ratsa daji da kaya don kauce wa kwastan.

Kalmomin zanen su ne suka fi bukatar a tsaya a kansu, don a nan ne malaman makaranta su kan yi sakaci, su haɗa su duka su ba ɗalibi fassara ɗaya. Zane shi ne uwa, ya game kome, har wanda aka yi a ƙasa ko a takarda. Tsaga ta fito daga aikin kansa, watau tsaga fata. Aska asalinta sunan wuƙar wanzami ne, sai aka ari sunan kayan aiki aka ba abin da ya bari, har a ce mutum biyu askarsu ɗaya, ana nufin danginsu ɗaya. Shasshawa ƙananan yanka ne a jere, na ado ko na magani. Jarfa kuwa dabam ta ke, kuma ita ce ta yi daidai da abin da samarin yanzu ke kira tatu. Abin da ya raba ta da sauran shi ne launi. A tsaga, tabon da ya warke shi ne zanen. A jarfa, yankan ba ya zurfi, amma tun jini bai tsaya ba sai a cusa masa baƙi, na gawayi ko na gindin tukunya, idan ya warke ya bar layi ko ɗigo mai duhu. Ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo waɗannan kalmomi kowace a gurbinta, kuma da a ce ana komawa gare shi da ruɗanin ya ragu.

Labarin fuska sananne ne, ba sai an daɗe a kansa ba. Ranar suna, kwana bakwai da haihuwa, wanzamin gida ya kan zo da zabirarsa, ya yi wa jariri aski, sa'an nan a gidajen da ke da askar gado ya tsaga masa irin ta ubansa. Jariri ba shi da ta cewa. Shaida ce aka ɗora masa, kuma a ƙarni na 19 shaidar tana da nauyi, don ƙasar arewacin Kano ƙasar gandaye ce da hare-hare. Fanisau, cikin Ungogo ta yau, cike ta ke da gandayen sarki da bayi ke nomawa, kamar yadda Mohammed Bashir Salau ya bayyana a littafinsa na 2011. Bayin fada kuwa an san su da uku-uku a gefen baki, abin da Sean Stilwell ya tattauna a nasa littafin na 2004. A zamanin Sarki Alu, 1894 zuwa 1903, rundunar Damagaram ta yi ta kutsowa ta arewa har kusa da birni. A irin wannan zamani, abin da dattawa ke faɗa shi ne aska ta kan taimaki dangi su gane nasu idan an kama shi, su nemi fansarsa. Fuska aka ɗora wa wannan aiki don ita ce ba ta ɓuya. Sai dai akwai togaciya guda wadda ta shafi ƙafa. Denham, wanda ya zauna a Barno cikin shekarun 1820, ya lura cewa tsagar Barebari ba ta tsaya a fuska ba, ta kai hannuwa da ƙafafu da cinyoyi. Barebari kuwa sun daɗe suna zama a karkarar Kano. Saboda haka tsagar asali a ƙafa, inda aka gan ta a tsohon zamani, gabas ya kamata a fara duba mata tushe.

Shaida mafi daraja game da ƙafar matan Kano ta fito ne daga abokin tafiyar Denham, watau Clapperton. Ya shigo Kano cikin Janairu 1824, har ya fita Fanisau don ya gai da Sarki Ibrahim Dabo, wanda ya yi sansani a can saboda yaƙinsa da Ɗantunku. A labarin tafiyarsu da aka buga a 1826, Clapperton ya ce mata suna rina gashinsu da girarsu da hannuwansu da ƙafafunsu da shuɗi, kuma abin da suka fi so shi ne shuni. Har ya bayyana yadda a ke haɗa shi. A kan sami tsohuwar riga a yayyaga ta, a sake rina ta, a turbuɗe ta cikin rami da kashin tumaki da ruwa, a rufe da ɗanyar ƙasa, bayan kwana bakwai ko goma a tono ta ta ruɓe, a shanya. Ya ce mace idan ta shafa shi a hannu da ƙafa, sai ka ga kamar ta sa safar hannu da dogon takalmi masu duhu. Mai karatu ya lura da abu biyu a nan. Na farko, adon ya hau ƙafa sosai, ba a tafin sawu ya tsaya ba, in ba haka ba da baƙon bai kwatanta shi da dogon takalmi ba. Na biyu, rini ne, babu aska a cikinsa. Wanka da kwanaki suna tafiya da shi, a sake wani.

Ba abin mamaki ba ne a sami haka a Kano. Ƙasar da ta yi suna a duniya da baba da karofi, wadda Barth ya zo a 1851 ya yi ta yabon tufafinta masu zuwa har Tumbuktu, ba za ta rasa shuɗin da za ta shafa wa 'ya'yanta ba. Haka kuma lalle. A gonakin da ke kewaye da birni lalle shuka ce ta kan iyaka, a kan dasa shi ya zama shinge tsakanin gona da gona, a riƙa yankan ganyensa ana shanyawa, a daka na gida, a kai saura kasuwa. Watau kayan adon ƙafa a bakin gonar gidan ya ke tsirowa. Tsohuwar shuka ce a wannan nahiya, gama al-Bakri ya ambaci itatuwan lalle a Audagust tun 1068, kuma sunan ya yi yawo: Barebari suna cewa nalle, Yarabawa suka ara daga Hausa suka ce laali. Akwai kuma katambiri, baƙin da a ke samu daga 'ya'yan itace, wanda Dalziel ya rubuta a littafinsa na sunayen tsirrai na 1916. Da shi 'yan mata su kan ja layi a fuska ranar kasuwa, ya yi kama da jarfa, amma bayan 'yan kwanaki ya dushe.

Dalilin da ya sa ɗaya ke gogewa ɗaya ke zama, yanzu an san shi sarai. Fatar mutum hawa-hawa ce. Ta sama kullum tana mutuwa tana zubewa, sabuwa na maye gurbinta cikin kamar wata guda. Launin lalle a wannan hawa na sama ya ke kamawa, don haka ya kan tafi tare da shi cikin mako biyu ko uku, sai a farce inda ya kan jira farcen ya tsiro. Baƙin jarfa kuwa aska ce ta ke kai shi hawa na biyu, inda jini ya ke, can ƙwayoyin jiki su haɗiye shi su riƙe, ba ya fita.

To, jarfa fa? An yi ta a ƙasar Kano, kuma har yanzu ana ganinta a jikin tsofaffin mata na ƙauye. Ado ne na budurci, yarinya ce ke so da kanta sa'ad da ta fara fita dandali da talla, ba uba ne ke sa a yi mata ba. Mazauninta na ainihi shi ne kunci da gefen baki da wuya da ƙirji da hannu, inda kalangu da 'yar baka suka yi suna. Ta kan sauka ƙafa jefi-jefi, amma ba ta taɓa kafa gida a can ba kamar yadda lalle ya kafa. Dalilan suna da yawa, kuma wanda ya fi ƙarfi a cikinsu shi ne na shari'a.

Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, tana cikin littattafan da kowane ɗalibin zaure ke saukewa a ƙasar Kano. A babukanta na ƙarshe, inda a ke maganar aski da sutura, ta hana mata ƙarin gashi da yin jarfa, bisa hadisin da Buhari da Muslimu suka ruwaito wanda ya tsine wa mai yi da wadda a ke yi wa. A Larabci kalmar ita ce washmu. Tana da 'yar'uwa, wasmu, watau ɗora wa dabba alama da wuta, wanda shi ma aka hana yinsa a fuska. Ɗigo uku ne kaɗai ya raba kalmomin nan biyu a rubutu, kuma masu wa'azi su kan kafa hujja da ta farko a kan jarfa, da ta biyu a kan tsagar fuska. Lalle kuwa ba a hana shi ba, an ma so mace ta yi. Ba ya hana alwala, gama launi ne kurum ya ke bari, ba ya tare ruwa ga fata. Sa'an nan malaman Malikiyya masu sharhi sun keɓe halin lalura, suka ce idan ya zama babu wata hanyar magani sai wannan, ya halatta. Ƙaho kuwa ba ya bukatar wannan rangwame ma, don hadisai sun yabe shi. Idan aka jera hukunce-hukuncen nan, sai a ga kamar taswirar ƙafar Bakano ce aka zana: ado mai zama an rufe masa ƙofa, ado mai gogewa an buɗe, yankan magani an bar masa kafa.

Akwai wani dalili da ba a rubuta a littafi ba, amma ya cancanci a auna shi. Aska a hannun namiji ta ke. Wanzanci gadon maza ne, da Sarkin Askarsu, kuma sana'a ce da Hausawa suka yaɗa nesa, har a Gana ma mai yi wa yara kaciya wanzam a ke ce masa. Budurwa ta miƙa wa wanzami kuncinta a bakin kasuwa abu ne mai sauƙi. Ta yaye zane ta miƙa masa ƙwauri don kwalliya kuwa, wannan wata magana ce. Lalle bai da wannan wahala. Aikin mata ne tsakanin mata, a tsakar gida, a kwaɓa, a shafa, a ƙunsa da ganye da tsumma, hannu a zura shi cikin zunguru, a kwana da shi. Ga shi kuma ya shiga cikin aure ya yi kane-kane, har sa lalle ya zama sunan wani mataki na biki. Abin da a ke maimaitawa kowace salla da kowane suna ya fi ƙarfin abin da a ke yi sau ɗaya a rayuwa.

Ƙwaurin namiji, da na macen da ta yi aikin gona, wani littafi ne dabam. Wanda ya zauna da tsofaffin manoma sa'ad da suka naɗe wando za su yi alwala ya san irin abin da ke jiki. Akwai 'yan layuka gajeru a jere kusa da gwiwa ko idon sawu, inda aka yi shasshawa saboda kumburi ko sanyin ƙashi ko targaɗen da ya ƙi ji. Akwai zagayen ƙaho a sha-raɓa, inda wanzami ya kafa ƙaho ya tsotsa, ya cire ya yi 'yan tsage, ya mayar ya jawo abin da a ke kira mataccen jini. Akwai tsagar riga-kafi, wadda mafarauta da manoma su kan yi don tsarin maciji, kamar yadda 'yan dambe su kan yi a hannun da su ke naushi da shi. A yawancin waɗannan, bayan an yanka sai a goga garin magani, garin kuwa sau da yawa ƙonannen saiwa ne ko ɓawo. Idan ya warke ya kan bar duhu. Ta fuskar aiki, wannan jarfa ce sak, yanka ne marar zurfi da baƙi a ciki. Amma ba wanda zai kira shi da wannan suna, don harshen ya duba niyya, bai tsaya ga hanyar yi ba.

Babban mai zane a ƙafar talaka dai shi ne kurkunu. A ruwan sha ya ke shiga, ruwan tafki da kududdufi wanda ke ɗauke da 'yan ƙwari masu ƙwayarsa, ya yi kamar shekara guda a jiki ba a sani ba, sa'an nan ya nemi mafita, kuma mafi yawan lokaci a ƙwauri ko idon sawu ya ke ɓullowa. A arewa da damina ya fi tashi, daidai lokacin da gona ke neman mai ita. A ƙasar da ba a barin saura, magidancin da ya kwanta wata biyu a lokacin noman farko ya san abin da zai tarar a rumbu. Maganinsa na gargajiya shi ne a naɗe tsutsar a tsinke a riƙa ja kaɗan-kaɗan kowace rana, in kuwa wurin ya tara ruwa a yi sakiya da ƙarfe mai zafi. Ko ta wace hanya aka bi, tabo ya kan rage, wani lokaci har gaɓa ta sandare. Ƙidayar farko da aka yi a Nijeriya duka, cikin 1988 da 1989, ta sami masu ciwon fiye da 650,000. Da taimakon rijiyoyin burtsatse da tace ruwa da ƙyalle, da kamfen ɗin da Janar Gowon ya sa hannu a ciki tare da cibiyar Carter, aka ga mutum na ƙarshe da ya kamu a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba Nijeriya shaidar rabuwa da shi a 2013. Saboda haka tabon kurkunu yanzu ya zama ma'aunin shekaru: ba za a same shi a ƙafar yaro ba.

Wannan haɗuwa ta ƙwauri da baƙi da magani ba ta Hausawa ce kaɗai ba. A 1991 aka tsinci gawar wani mutum cikin ƙanƙara a duwatsun da ke tsakanin Italiya da Ostiriya, wanda ya mutu fiye da shekara 5,000 da suka wuce, aka sa masa suna Otzi. An ƙirga zane 61 a jikinsa, 'yan layuka ne a jere da 'yan gicciye, an yi su da baƙin toka ko hayaƙi, kuma mafi yawansu a ƙafafu su ke, sauran a ƙugu da wuyan hannu da haƙarƙari. Da yawa sun faɗa kan gaɓoɓin da bincike ya nuna sun lalace, shi ya sa wasu masana ke ganin magani ne. Da a ce an nuna wa wanzamin Minjibir hoton ƙafar nan, da ba zai ga baƙon abu ba.

Ƙarni na 20 ya sauya kusan kome. Turawa sun ci Kano a 1903, suka zartar da dokar cewa duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, kana aka soke bauta gaba ɗaya a 1936. Da hare-hare suka ƙare, askar gado ta rasa babban aikinta, ta koma al'ada kurum, al'adar ma tana ja da baya. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, gyaɗa ta kawo kuɗi ƙauye, atamfa ta yi araha, zane ya ƙara tsawo. Kulle ya bazu a karkara. M. G. Smith ya danganta bazuwarsa da ƙarewar bauta, ya ce matan da suka sami 'yanci sun janye daga gona don su bambanta da bayi. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Ɗorayi ta buga shi a 1977, ta fi ba da ƙarfi ga sauƙin haƙa rijiya a cikin gida da yawan jakuna masu ɗaukar kaya. Ko wanne aka ɗauka, sakamakon ga ƙafa ɗaya ne: ta bar idon jama'a, adonta ya koma na ɗaki da na taron mata. Daga baya ilmin furamare na kowa da kowa ya zo a 1976, aka kafa Izala a 1978, makarantun Islamiyya suka yawaita, hijabi da safa suka biyo baya. Yarinyar da ta haddace hadisin tsinuwa tun tana shekara goma ba za ta je neman jarfa ba. Hukuma ma ta taɓa kawo tata askar, watau lambar riga-kafin agana a dantse, wadda ita ma ta tsaya bayan da aka kawar da cutar daga duniya a 1980. A 2003 kuma dokar tarayya ta haƙƙin yara ta hana yi wa yaro jarfa ko tsaga, ko da ya ke dokar ba ta hau kan jihohi ba sai wadda ta yi tata. A gaskiya wa'azi da makaranta sun riga doka gama aikin. Wanzami kuwa ya rage da aski da ƙaho da kaciya, kuma tsoron ciwon hanta da ƙanjamau ya sa da yawansu sun koma ga sabuwar reza ga kowane mutum.

Lalle shi ne ya ci gado. Daga ƙunshin da a ke yi wa tafin ƙafa baki ɗaya, aka koma yanka salatif ana fitar da siffofi, sa'an nan zanen fulawa ya zo, ana matsa shi ta bakin leda, ya hau daga yatsu har tsakiyar ƙwauri, wurin da shunin zamanin Dabo ya ke kaiwa. Amma akwai abin lura game da baƙin lalle na yanzu. Lalle na gaskiya ja ne, baƙin kuwa sau da yawa sinadarin rinin gashi a ke zuba masa, wanda likitoci suka tabbatar ya kan ƙona fatar wasu, ta yi ƙuraje, ta bar tabo daidai siffar furen da aka zana. Mace ta je neman ado na mako biyu, ta dawo da wanda shari'a da al'ada suka yi shekaru suna kauce masa.

Tatun inji kuwa baƙo ne, sunansa ma baƙo ne har a wurin Turawan da suka kawo shi, don daga tsibirin Tahiti matuƙan jirgin Kyaftin Cook suka ɗauko kalmar a 1769, injin kuma a Amurka aka yi masa rajista a 1891. Samarin Dawakin Tofa da Gezawa suna ganinsa a sha-raɓar 'yan ƙwallon Turai a gidan kallo, amma hukuncin da ke kansa a wurin iyayensu shi ne dai na Risala. Kuskuren da a ke yi a aji shi ne a ce wa ɗalibi abin duka daga waje ya zo, kamar Hausa ba ta da kalmarsa. Tana da ita, kuma masu ɗauke da ita a jiki suna nan, sai dai sun tsufa. Malamin kwalejin horon malamai wanda ke tura ɗalibai ƙauye tattara al'adu zai yi abin kirki idan ya sa su tambayi sunan kowane zane, da shekarun mai shi sa'ad da aka yi masa, da wanda ya riƙe askar, da abin da aka goga a ciki, su kuma rubuta ko don ado ne ko don ciwo, da bakin mai shi. Wajen tsofaffin mata ɗalibai mata ya kamata a tura, don tsohuwa ba za ta ɗage zane ta nuna wa saurayi ƙwaurinta ba, ko da sa'an jikanta ne.